ILMIN DA YA KE BAYAN ZAURE

Daga wani Jami'in Ilmi, ƙasar Katsina

Duk wanda ya ɗauki littattafan tarihin ƙasar Katsina ya karanta su a tsanake zai sha labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe, da ganuwa da ƙofofinta, da haraji da jangali, da fatake da malamai. Zai san yadda Malam Ummarun Dallaje ya karɓo tuta, da yadda sarautar Haɓe ta koma Maraɗi, da yadda aka naɗa Sarki Dikko a 1906. Tun farkon zuwan Turawa wani Baturen mulki, H. R. Palmer, ya bi dattawa yana tattara sunayen sarakuna, har ya sa aka tona kushewun Durɓi ta Kusheyi a 1907. Daga baya kuma ɗan ƙasa, marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ya zaga garuruwa da ƙauyuka ya fitar da littafinsa na tarihin Katsina a 1981, wanda har gobe shi ne madogara. Allah ya saka wa kowa gwargwadon niyyarsa. Amma fa kusan duk wannan ilmi a zaure aka same shi, daga bakin maza zuwa kunnen maza, kuma a zaure ya tsaya.

Ba laifinsu ba ne. Kowa ya san iyakar baƙo namiji a gidan mutunci, ko an rubuta "ba shiga" a jikin bango ko ba a rubuta ba. To, amma rabin jama'ar ƙasar nan a bayan zauren su ke. Can a ke haihuwa da goyo da yaye, can a ke jinya, can a ke auna hatsin da zai kai gida zuwa kaka, can kuma a ke wani ciniki wanda mai karɓar kuɗin kasuwa bai taɓa ƙidaya shi ba. Abin da na ke so in jawo hankalin hukumomin ilmi da shugabannin kwalejojin horon malamai a kansa shi ne, muna da waɗanda za su iya shiga inda Palmer bai shiga ba, watau 'yan matanmu da matan auren da ke koyon aikin malanta, amma har yanzu ba mu mai da aikensu wani aiki na ƙa'ida ba. A ganina lokaci ya yi da za a aike su, kuma a fara da ƙasar Kankiya da ta Kusada, inda na fi sani.

Domin a gane irin asarar da a ke yi, bari in ba da labarin abin da aka samu sa'ad da aka gwada. A 1949 wani masanin binciken al'adun jama'a, M. G. Smith, mutumin Jamaika, ya zo ƙasar Zazzau yana nazarin yadda talakawa ke samun abin zaman gari. Ya yi ta hira da magidanta da masu sarauta, amma cikin gida ya gagare shi. Matarsa Mary, wadda ta koyi Hausa, ita ce ta riƙa shiga gidaje, har Allah ya haɗa ta a Giwa da wata tsohuwa ungozoma mai suna Baba, mutuniyar Karo, wani ƙaramin ƙauye wajen iyakar Kano da Zazzau. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, kamar mako shida, Baba tana magana, Mary tana rubutawa da hannu, da Hausa, yadda maganar ta fito. Aka juya shi da Turanci aka buga a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo.

An haifi Baba tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. Ta ga rinji da bayi suna noma, ta ga zamanin da mahara ke kama mutane, ta san yadda dangi ke haɗa kuɗin fansa. Ta ga yadda bayi suka watse bayan zuwan Turawa, da abin da wannan ya jawo wa gandun iyayenta. Ta yi aure huɗu, na farkon na zumunci, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi. Ta bayyana kunyar ɗan fari, da wasan jika da kaka, da yadda mata ke ƙulla ƙawance, da bashin biki, da zaman kishi, da hanyoyin da mace ke bi idan aure ya ishe ta. Ta yi maganar bori da ta karuwanci ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da za ka samu a jerin sunayen sarakuna. Yau kuwa da wuya a koyar da zaman Hausawa a wata jami'a, daga Zariya har Amurka, ba a ambaci tsohuwar nan ba, wadda ba ta taɓa zama a aji ba.

Abu biyu a labarin nan su kan tsaya mini a rai. Baba ta rasu a 1951, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan an gama hirar, ko littafin ba ta gani ba. Da Mary Smith ta ce bari sai wani zuwan, da shi ke nan. Na biyun kuwa ya fi ciwo. Maganar da Baba ta yi da Hausa sai da ta shekara talatin da ɗoriya tana yawon duniya da Turanci kafin a buga ta da Hausa a Kano. Waɗanda aka yi maganar a kansu su ne na ƙarshen samun damar karanta ta.

Wani zai ce ai wannan ƙasar Zazzau ce. To, ga na ƙofar gida. A 1967 wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, wadda ta karanta ilmin tattalin arziki a Kambirij, ta kuma yi suna da bincikenta a kan manoman koko na Gana, ta zo ta zauna a Batagarawa, 'yar tafiya kaɗan kudu da birnin Katsina. Ta bi gonaki da rumbuna, ta nuna cewa manoman ƙauye ba ɗaya su ke ba: akwai mai ajiye hatsi ya sayar sa'ad da ya yi tsada, akwai kuma wanda rumbunsa ke ƙarewa tun damina ba ta yi nisa ba, sai ya bar gonarsa ya koma ƙwadago a ta wani. Amma abin da ya fi jan hankalin masana shi ne wanda ta kira ɓoyayyen ciniki a wata maƙalarta ta 1969. Ta lura matan kulle suna saye da sayarwa daga ɗaka, hatsi da man gyaɗa da dafaffen abinci, yara na kai da kawowa, har gidajen garin sun zama tamkar kasuwa guda mai rumfuna da yawa wadda ba a hangen ta daga titi. Mu da muka tashi muna ganin tallan iyayenmu mata za mu yi dariya mu ce wannan ai ba labari ba ne. Haka ne, mun sani, amma ba mu rubuta ba, masu tsara manufofin gwamnati kuwa ba sa aiki sai da abin da aka rubuta, shi ya sa su kan lissafa mace mai kulle cikin marasa sana'a. Littafinta, Rural Hausa, ya fito a 1972, kuma babban kashi nasa bayanin kalmominmu ne na noma da ciniki, ɗaya bayan ɗaya.

Irin wannan aiki da mata baƙi suka yi mana yana da asali mai nisa, akwai kuma abin lura a cikinsa idan mai karatu zai yi haƙuri mu ƙetare teku zuwa Mekziko, ƙasar da ke kudu da Amurka. Ba baƙuwarmu ba ce ƙwarai, gama masarar da mu ke shukawa can ne asalinta, ko sunan tumatir ma daga harshen mutanen can ya samo tushe kafin ya biyo ta bakin Turawa ya iso mu. Mutanen nan, waɗanda a ke kira Aztek, sun kafa babban birninsu Tenochtitlan a kan wani tsibiri a tsakiyar tafki wajen 1325. Suna da sarki da fada, da manyan kasuwanni, da makarantu, da lissafin kwanakin shekara, da littattafai na zane a kan fata da takardar ɓawon itace. A 1521 Turawan Sifen a ƙarƙashin Hernan Cortes, da taimakon ƙabilun da ke jin haushin mulkin Aztek, suka ci birnin suka rushe shi. Yaƙi da annobar agana suka kwashe jama'a. Littattafai kuwa waɗansu sun salwanta a yaƙi, waɗansu aka ƙone su da gangan don an ce na tsafi ne, kaɗan da suka tsira aka kai su Turai don kallo, aka jefa a ɗakunan ajiya aka manta.

Bayan shekara ɗari uku da sittin sai ga wata mace, Zelia Nuttall. An haife ta a San Faransisko a 1857, ubanta likita ne, uwarta kuwa haifaffiyar Mekziko ce. Ba ta da digiri ko ɗaya. Abin da ta ke da shi harsuna ne da naci, da kuma, a faɗi gaskiya, dukiyar gida da ta ɗauke mata nauyin tafiye-tafiye. Aurenta bai yi ƙarko ba, ta riƙe 'yarta ɗaya ta shiga bincike. A 1886 ta buga nazarinta a kan waɗansu ƙananan kawuna na yumɓu da a ke tsinta a kufan wani tsohon birni, Teotihuacan, shi ya sa gidan kayan tarihi na Jami'ar Harbad ya ba ta matsayin mataimakiya na girmamawa, ta riƙe shi shekara 47 har rasuwarta a 1933. A Viyana akwai wani ado na koren gashin tsuntsu wanda masana suka ce tuta ce. Ta bi zane-zanen da mutanen suka yi da kansu ta nuna abin sawa a ka ne, kuma yau haka aka yarda. A 1890 ta tono wani littafin Aztek a ɗakin karatu na birnin Fulorans a Italiya, mai bayanin bukukuwansu da lissafin kwanakinsu. Ta kuma bi sawun wani littafi na fatar barewa daga Italiya har gidan wani basaraken Ingila, ta sa aka kwafe shi da launukansa aka buga a 1902. Ta dage cewa labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu ke ciki, watau tarihi, kuma ta yi daidai, ko da ya ke daga baya an tabbatar na ƙabilar Mistek ne, maƙwabtan Aztek.

Ba duk abin da ta faɗa ne ya tabbata ba. Babban littafinta na 1901, inda ta yi ƙoƙarin haɗa asalin wayewar Mekziko da ta tsoffin ƙasashen gabas ta hanyar kallon taurari, yau ba mai dogara da shi. Inda ta tsaya a kan abin da idonta ya gani aikinta ya rayu, inda ta bi zato kuwa ya kai ta ya baro, wannan ma abin koya wa ɗalibai ne. Ta kuma sha irin abin da mata masu ilmi kan sha, gama a 1910 babban jami'in kayan tarihi na gwamnatin Mekziko ya nemi ya ci moriyar wani kufai da ta gano a wani tsibiri kusa da Berakurus, sai ta ajiye muƙaminta ta fallasa shi a rubuce.

Amma ga inda maganar ta shafe mu. Nuttall ta ƙare rayuwarta tana tsintar ɓurɓushi a ɗakunan ajiya na ƙasashen wasu, domin masu maganar sun mutu tun ƙarni uku kafin a haife ta. Babban rabo na abin da duniya ta sani game da zaman yau da kullum na Aztek ya tsira ne saboda wani malamin makaranta, limamin Kirista, Bernardino de Sahagun. Tun daga 1558 ya tara dattawa a garin Tepepulco, ya sa ɗalibansa 'yan ƙasa, waɗanda suka yi karatu a kwalejin Tlatelolco, suna tambayarsu suna rubutawa da harshensu na Nahuwatil. Niyyarsa ya san tsohon addinin don ya tumɓuke shi, amma abin da ya bari, littafi goma sha biyu da aka kammala wajen 1577, ya ƙunshi har jawabin da ungozoma ke yi wa jariri da nasihar uwa ga 'yarta. Da malami da ɗalibai 'yan ƙasa da tsofaffi masu rai aka yi aikin, cikin harshen gida, kuma duk muna da su a Kankiya yau. Har muna da abin da shi ya rasa. Kwalejinsa ta maza ce zalla, saboda haka maganar ungozomar Aztek ta hannun maza ta iso mu.

Kada kuma wani ya ce aiken mata wurin mata don ilmi baƙon abu ne da muka aro daga Turawa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta riƙa naɗa dattijan mata a matsayin jaji, ta ɗora wa kowace malfa, su jagoranci 'yan taru daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Jean Boyd, wadda ta daɗe a Sakkwato, ita ta fitar da tarihinta da Turanci a 1989 da taimakon Waziri Junaidu, kuma abin farin ciki, a wannan fage 'yar gida ta karɓa, gama Farfesa Sa'adiya Omar ta bi 'yan taru na zamaninmu ta taskace waƙoƙinsu. Sai dai Asma'u 'yar gidan malamai ce, ta bar takardu. Tsohuwar Rimaye ko ta Mawashi ba ta da wata takarda sai abin da ke cikin kanta.

To, mu duba abin da ke cikin kan nan. Matar da aka haifa a Kafin Soli ko Yashe a 1945 tana da shekara 15 aka sami mulkin kai, mai yiwuwa ma tana ɗakin miji a lokacin. Tana da 28 aka yi farin 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Ta san abin da aka ci sa'ad da rumbu ya ƙare, da yadda a ke haɗa tafasa ko yaɗiya da ɗan garin da ya rage har ya ishi gida, ta san wanda ya tafi cin rani bai dawo ba, ta san abin da mace ke fara sayarwa in wuya ta yi wuya, akuya ko tasa ko zane. Daga bakin uwarta da kakarta ta ji labarin yunwar da ta gabata, har ta 1914 wadda a wurare da yawa a ke kira Kakalaba. Ta yi kaɗi da mazari ta sayar wa masaƙa zare kafin yadin kanti ya durƙusar da sana'ar. Ta yi niƙa a dutse tana waƙa, ta yi daɓe tare da matan unguwa, ga shi injin niƙa da siminti sun tafi da aikin, waƙoƙin kuma suna bin sa. Ta riƙe lissafin biki a ka shekara da shekaru, wa ya kawo mata nawa ran sunan ɗanta na fari, nawa kuma za ta mayar. Hausarta ma abin adanawa ce, domin ƙasar Kusada tana kan iyaka da Kano, hanyar Kano zuwa Katsina kuma ta ratsa ta Yashe da Kankiya, sai ka ji maganar tsofaffi ta ɗebo daga nan ta ɗebo daga can, alhali ta jikokinsu rediyo da waya sun fara daidaita ta da ta kowa.

Akwai kuma wanda ya shafi aikina kai tsaye. Matar nan ta ga shekarar 1976 da aka buɗe makarantun firamare ga kowa, ta san gardamar da aka yi a cikin gida kafin a bar 'yarta ta tafi ko a hana ta. Mu ma'aikatan ilmi iyakarmu mu ga aji ya cika ko mu ga ya zama wayam, sa'an nan mu tara iyaye maza a ƙofar dagaci mu yi musu jawabi, su ce sun ji sun gode. Alhali wata Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta nuna tun shekarun 1970 a Kano cewa sana'ar mace mai kulle a kan ƙafar yarinya ta ke tafiya, kuma da ribar tallan a ke tara kayan ɗaki. Wanda ya ɗauke yarinya zuwa aji bai san wannan lissafi ba, ya taɓa jarin uwa da mutuncinta ran biki, ya kuma koma ofis yana mamakin taurin kan mutanen ƙauye. Ga shi kuma rashin zaman lafiya na shekarun nan ya tayar da ƙauyuka da yawa a Jihar Katsina. Tsohuwar da aka raba da rijiyarta da tsamiyar ƙofar gidanta aka kai ta raɓe a gari ba ta cika daɗewa da lafiya ba, labarinta ma ya kan fara warwarewa, domin da wurare ta ke tuna shi.

Ga shawarata. Kowane ɗalibi mai neman takardar N.C.E. sai ya rubuta ɗan kundin bincike kafin ya fita. Na duba irin waɗannan kundaye da yawa, kuma ba zan ɓoye ba, mafi yawansu ba su amfani kowa ba. A kan ba yarinya wani dogon take da Turanci a kan matsalolin koyar da kaza a makarantun kaza, ta raba takardun tambayoyi, ta kwafo babi na biyu daga kundin bara, a yi masa bango mai kyau a jefa a kabad gara ta ci. Maimakon haka a ba ɗalibai mata na sashen Hausa da na tarihi da na nazarin zaman jama'a zaɓi. Kowace ta nemi tsohuwa ɗaya a garinsu wadda ta haura saba'in, ta zauna da ita sau goma ko fi, a lokacin hutu ko lokacin gwajin koyarwa. Mary Smith da alƙalami ta yi nata, yau kuwa da wuya ka sami ɗalibar da ba ta da waya mai ɗaukar murya a jakarta. Ta ɗauka, sa'an nan ta zauna ta rubuta kalma bayan kalma. Rubutawar nan ita ce wahalar, gama hirar sa'a ɗaya ta kan cinye yini guda, kuma ita ce horon. Wadda ta gama ta ta iya ƙa'idar rubutun Hausa fiye da wadda ta haddace ta don jarrabawa, ta kuma koyi yin shiru ta saurara, abin da ya fi ƙaranci a wurin sababbin malamanmu.

Sai a kafa sharuɗɗa tun farko. A rubuta maganar yadda ta fito. In tsohuwa ta ce "hwaɗi" kada a gyara mata, in ta ce "ɗiya" a bar mata abarta. Hausar ita ce kundin, wanda ya ke son Turanci ya fassara daga baya, kada mu maimaita abin da ya sami maganar Baba. A nemi yardar tsohuwar da ta maigidan, abin da ta ce kada a rubuta a bar shi, sunayen mutanen da ta ambata cikin maganar da za ta iya jawo ɓacin rai a canza su. In ta yarda, sunanta ya hau bango a saman na ɗalibar. Littafin fatar barewar nan na Mekziko yau da sunan Nuttall da na basaraken Ingila a ke kiran sa, wanda ya zana shi kuwa ba wanda ya san sunansa. Mary Smith ta fi kyautawa da ta sa sunan Baba ya zama sunan littafin. A rubuta gari da rana da shekara. A ajiye kwafi a ɗakin karatu na kwaleji, a aika ɗaya Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha tare da muryar, a mayar da ɗaya gidan da aka ɗauko maganar. In ɗalibai ashirin suka yi haka kowace shekara, cikin shekara goma muna da labarin mata ɗari biyu.

Na san abin da za a ce. Za a ce kunya ba za ta bar yarinya ta tambayi babba irin waɗannan al'amura ba. Gaskiya ne tsakanin 'ya da uwa, balle 'yar fari. Amma al'adarmu da kanta ta bar ƙofa ɗaya a buɗe, watau tsakanin jika da kaka, waɗanda ke wasa da juna har su kira juna kishiya. Abin da uwa ba za ta taɓa faɗa wa 'yarta ba, kaka ta kan faɗa wa jikarta tana dariya. Don haka wurin kakanni da ƙawayen kakanni za a aike su. Za a ce tsohuwa ta kan manta, ta kan kuma ƙara gishiri. Marokan fada ma su kan ƙara, ba mu kuwa jefar da tarihin sarakuna saboda haka ba. Maganinsa a jera labari goma na gari ɗaya a ga inda suka haɗu.

Wanda ya fi nauyi shi ne na masu cewa za a tono bori da camfi da al'adun da malamai suka daɗe suna yaƙi da su. Ina girmama wannan damuwa, amma rubuta abu daban, yarda da shi daban. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Ba su kai ga wannan ba sai da suka san abin da a ke yi wa mai jego a ɗaka. Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, waɗanda gobe su za su karɓi haihuwa a Kaikai da Gachi, za su fi kowa amfana da kundin da wata tsohuwar ungozoma ta bayyana aikinta filla-filla, su san wanda za su ƙarfafa da wanda za su roƙa a bari, da kuma harshen da za su roƙa da shi.

Aikin ba ya bukatar mota ko sabon ofis, izni ya ke bukata. Shugabannin sassa su yarda a karɓi kundi da Hausa, sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomin biyu su ba ɗalibai takardar gabatarwa, Kankiyan Katsina da Bebejin Katsina, Allah ya ƙara musu lafiya, su sanar da dagatai da masu unguwanni don kada magidanta su yi zaton ƙidayar haraji ce ko ta siyasa. A fara bayan an kai amfanin gona gida, sa'ad da tsofaffi ke zaune a hantsi suna ɓarar gyaɗa. Kada kuma a ɗora wa yarinya takardar tambayoyi hamsin. Ta gaishe ta, ta zauna a tabarma, ta ce, "Iya, a wane gida aka haife ki, wa ya yanke miki cibi?"